Hannun Mai Burodi Ba Ya Jin Zazzaɓi

Yayana mai gidan burodi ne, a unguwa ana ce masa Ba-Hutu, kuma sunan ya bi jiki. A wurinsa ciwo iri biyu ne kawai: wanda ake ɗaukar mutum ranga-ranga zuwa asibiti, sai kuma lalaci.

Shi ne likitan gidansa. Duk yaron da ya ce ba ya jin daɗi, sai ya ɗora masa tafin hannu a goshi, ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci cewa lafiya lau, a ɗauko jakar makaranta. Abin da ya manta shi ne hannun nan ya yi shekara da shekaru yana jawo farantan ƙarfe daga tanda ba tare da tsumma ba. Ko butar shayi mai zafi ya taɓa, zai ce da ɗan sanyi-sanyinta. Na sha faɗa masa, ya sha ce mini in bari sai na haifi nawa.

Autarsa 'yar aji uku ce. Makarantarsu tana ba da kyauta ga duk wanda bai yi fashi ba a shekara, wani kofin roba mai ruwan zinariya. Yaya har ya share wa kofin wuri a kan kanta, tsakanin sikeli da rediyo. Masu sayen burodi sun ji zancen kofin nan har ya gundure su.

Saura kaɗan a yi hutu, Auta ta tashi jiki zafi rau, tana rawar sanyi, baya da ƙafafu na ciwo, ga busasshen tari. Uwarta ta ce wannan ba murar yau da kullum ba ce, yarinyar da jiya take tsalle-tsalle yau ko cokali ta kasa ɗagawa. Yaya ya ɗora hannu. Lafiya lau. Ya jibga mata rigar sanyi biyu, ya aza ta a babur.

Kafin hantsi makaranta ta kira. Yana bakin tanda bai ɗauka ba, ni aka samu. Da na je na tarar da Auta ta kifa kai a tebur, malamarsu kuwa ta yi mini kallon da ba zan manta ba, don yaran da ke kusa da ita duk sun sha tarin.

Na wuce da ita asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ce babbar mura ce mai yaɗuwa. A bar ta ta kwanta, a yi ta ba ta ruwa, a ba ta farasitamol daidai shekarunta, ban da asfirin. Kada ta koma aji sai zazzaɓin ya sauka ya kwana bai dawo ba, in numfashi ya yi mata wuya kuma a garzayo da ita.

Da yamma Yaya ya shigo, fulawa har gira. Tambayarsa ta farko, a bakin ƙofa, ita ce ko rabin yini ana lissafa shi a zuwa makaranta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na nuna masa ɗakin da take kwance kawai.

Auta na ganinsa ta yunƙura za ta zauna, ta kasa.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Na yi ta danne tarin, ya ƙi. Gobe in na zauna can baya ba wanda zai ji ni."

Yaya ya tsaya cak, ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya durƙusa a bakin gadon, ya ja mata bargo har wuya.

"Kwanta, uwata. Ba inda za ki."