Hassumi da Takalmin Jirgin Nilu

Duk shekarun Hassumi a Alƙahira cikin silifa ya yi su, yana saro kaya a kasuwar Ataba. Da surukinsa Abdulnasir ya gayyace shi liyafa a jirgin ruwan Nilu, sai ya ja masa kunne: "Baba, ba a shiga sai da kwat da takalmi sau-ciki."

Hassumi ya saka, yana tafe kamar mai taka ƙaya. A ƙofar ɗakin cin abinci ya ga jan kafet mai laushi, nan take ya tuɓe takalman ya maƙale a hammata.

Ma'aikacin jirgin ya tare shi.

"Wannan shimfiɗar zan taka da takalmi?" in ji Hassumi. "Ba haka aka rene ni ba."

Da safa ya ci kifinsa, har ya nemi ƙari.