Bakin da Zai Ciyar da Jikana

Duk sanda iska ta kawo mini ƙamshin mazarƙwaila daga inda ake dafa ruwan rake, sai in tuna da kakata, Allah Ya jiƙanta. Ku matso, 'ya'yan nan, ku ji.

A gidanmu na Kudan, duk yaron da aka yaye ɗakinta ake kai shi. Ita ke tauna masa nama da gyaɗa har su yi laushi, ta sa masa a baki. Shekarar da aka yaye ƙanena, sai haƙorinta na turmi ya fara girgiɗi, dasashi ya kumbura. Yaron kuwa ya ƙi kunu, ya ƙi fura, kullum ƙara ramewa yake, har wuyansa ya koma kamar sillen kara.

Rannan ta kira ni da sunan tsokanar da ta sa mini. "Ke matar malam, buɗe bakin nan in gani."

Na buɗe. Ta kau da kai. "Subhanallahi! Rumbun mazarƙwaila ne wannan ko baki? Bakin nan ba zai ciyar da jikana ba."

Ta karyo reshen darbejiya, ta ce in tauna kansa ya yi gashi. Ɗaci kamar me! Safe da yamma tana zaune tana kallo, ina gogawa sama da ƙasa. Jini ya fito, na ce na daina. Ta ce, "Dauɗa ce ke kuka, ci gaba." Sannan ta tsinko zare daga mazarinta, ta koya mini zura shi tsakanin haƙora, yana fito da zaren rake da ya kwana a ciki.

Bayan 'yan kwanaki da jinin ya ɗauke, ta shinshina bakina, ta miƙo mini tsokar kaza. Na tauna, ban haɗiye ko kaɗan ba, kuma Allah Ya san na so. Na sa wa yaron a baki, ya karɓa. Ya sake buɗe baki. Kakata ta juya fuska bango tana share ido.

Yau zamani ya sauya. Ma'aikatan asibiti sun ce a daina tauna wa yaro, da cokali ake ba shi. Jikokina buroshi gare su da man goge baki, ni dai ina nan da asuwakina da zarena, haƙorana kuma ba su gudu ba.

Shi kuwa ƙanen nawa, nasa duk sun zube. In ya zo daga Maƙarfi aka kawo nama, sai ya turo mini kwanon.

"Yaya, a taimaka kamar da."