Saniyar da Aka Sara a Burtali

Shekarar da na dawo daga karatu a Zariya aka ba ni koyar da Hausa a wata sakandare a Funtuwa. Na dawo da wani abu a kaina wanda malaminmu na adabi ya dasa mana. Ya ce an yi wani zamani da marubuta da masu zane a Turai suka gaji da labarin sarakuna da jarumai, suka koma kan manomi da mai wanki da mai awo a kasuwa, suna nuna su yadda suke, ba ƙari ba ragi. Yana kiransa rubutun zahiri. Yakan buga tebur ya ce, "Wanda bai taɓa shiga jirgi ba ya bar mana labarin jirgi. Ku rubuta abin da idonku ya gani." Ni kuwa kafin nan duk rubutuna na gidan bene ne da manyan motoci, alhali ƙauyenmu da ke bayan Maska ko wutar lantarki ba mu da ita.

Akwai abin da idona ya gani. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, kuma gonarsa ta yi iyaka da burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi. Kowace damina Baffa yakan ƙara kunya ɗaya cikin burtalin, har hanyar ta tsuke. Wata damina shanun maƙwabcinmu, wani dattijon Bafulatani da rugarsu ta girme ni a wurin, suka faɗa masarar Baffa suka yi ɓarna. Da hantsi ina dawowa daga rafi na hangi Baffa ya ɗaga adda ya sari wata farar saniya a agara. Bai gan ni ba. Saniyar ba ta sake tashi ba, yanka ta aka yi. Mai gari ya bincika bai gano kowa ba, ni kuma na ja bakina na yi shiru.

Shekara uku bayan haka na zauna na rubuta labarin. Na canza sunaye, amma na bar ɗingishin Baffa na ƙafar hagu, na bar kukar nan mai kogo da ke bakin gonar, na bar yadda yake kakkaɓe hularsa a gwiwa idan ransa ya ɓaci. Na aika wa wani shirin rediyo da ke karanta labaran masu sauraro ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Da na ji muryar mai gabatarwa tana karanta jimlolina, har tsigar jikina ta tashi don daɗi. Ban yi tunanin cewa a ƙauyenmu rediyo ba ya barin kafaɗar manomi da makiyayi ba.

Washegari da safe Inna, matar Baffa, ta kira ni a waya. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Ka hau babur ka zo gida yanzu."

"Lafiya, Inna?"

"Kai za ka faɗa mana."

A shekarun nan mutane a tsorace suke. Ana jin labarin garuruwan da ƙaramar magana tsakanin manomi da makiyayi ta zama gobara, kuma kowa na kallon maƙwabcinsa da gefen ido. Da na shigo gari na tarar da samarinmu a ƙofar masallaci, na yi sallama, biyu ne kawai suka amsa. Can gindin tsamiya kuma samarin ruga ne a tsaye, su bakwai ko takwas, kowa ya tokare haɓarsa da sanda. Tsakaninsu fili ne fayau, ko akuya babu. Na kafe babur.

A zaure na iske mutum uku: Baffa, liman, da dattijon Bafulatanin. Na durƙusa na gaishe su. Baffa bai dube ni ba, hularsa na kan gwiwarsa.

Liman ya ce, "Malam, mun ji labarinka jiya. Yaran da ka gani a waje su ma sun ji. Tambaya ɗaya ce. Abin nan, ganinsa ka yi ko ƙirƙira ce irin taku ta 'yan boko?"

In na ce ƙirƙira ce, na yi ƙarya a gaban liman, kuma ba wanda zai yarda. In na ce na gani, na miƙa mutumin da ya ciyar da ni ya tura ni makaranta. Ta ƙofar zauren ina hango ƙafafun samarin, sun fara matsowa.

"Allah gafarta Malam, labari ne dai..."

"Bar shi," in ji Baffa. "Kar a sa shi rantsuwa. Ni na sare ta."

Na ji kukan kaza daga cikin gida kamar daga wani gari. Dattijon ya daɗe yana jan carbinsa kafin ya ɗago.

"Alhaji, na sani tun ranar. Sawun mai ɗingishi ba ya ɓoyuwa a laka. Na yi shiru ne don yarana suna da zafin kai, kuma a maƙabarta ɗaya iyayenmu suke kwance. Ba wannan ya kawo ni ba." Sai ya juyo gare ni. "Kai ɗan nan, a labarinka ka ce mai shanun ya tsaya yana dariya yana kora su cikin masara. Wannan ma ka gani?"

Na sunkuyar da kai. "Ban gani ba, Baba."

"To, ranar ina asibiti a Funtuwa, uwar yarana na fama da naƙuda. Jaririn bai zo da rai ba. Shanun tsinkewa suka yi don ba babba a gida. Na dawo na tarar da saniyata a ƙasa. Jiya kuma duk ƙasar nan ta ji ana cewa dariya nake yi."

Har yau ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. A labarin na bi Baffa dalla-dalla har ɗingishinsa, amma mutumin da ke bayan gonarmu shekara da shekaru na cike shi da abin da ake faɗa a majalisa. Ko sau ɗaya ban taka rugarsa na tambaye shi ba.

Liman ya ce Baffa da dattijon su fita tare, samari su gan su. Suka fita, Baffa na gaba yana ɗingishi, dattijon na bayansa. Dattijon ya yi wa samarinsa magana da Fillanci, gajeruwa. Ɗaya daga ciki, babban ɗansa, ya ɗaga murya yana nuna Baffa da sanda, samarinmu suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Uban ya kama sandar ta tsakiya ya riƙe har ɗan ya saki. Samarin ruga suka juya suka tafi ɗaya bayan ɗaya.

Na rubuta gyara na aika gidan rediyon, ba a karanta ba. Sai na ɗauki takardar na je ruga na karanta wa dattijon da bakina. Ya saurara har ƙarshe, ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya, amma ɗansa tashi ya yi ya bar wurin.

Damina ta gaba Baffa ya bar kunya biyu ga burtali, cikin biyar da ya ci. Ni kuwa ya yi wata huɗu ba ya amsa mini sai sallama. Da kaka ya aiko a ce in zo ranar Asabar ana ɗinkin buhunan masara. Na je, muka yini muna aiki gefe da gefe. Wajen la'asar ya dubi buhun da na ɗinka ya ce bakin bai kamu ba, in warware in sake.