Goron da Muka Kai wa Fasto

Ina zaune a shagon Madam ina jiran ta gama kafa wa rigata hannu, sai na ga ta waiga hagu da dama, ta sunkuya, ta kwance wani ɗan noti daga keken ɗinkinta, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Ta ɗauka hankalina yana kan littafin da ke cinyata. Kowa a layinmu na unguwar Amriguébé ya san ni da wannan: in na riƙe littafin soyayya, ko akuya ce ke cin mayafina ba zan sani ba. Fataken Kano ne ke kawo mana su a cikin dilar atamfa, ni kuwa ina haddace su. Amma ran nan na gani.

Madam maƙwabciyarmu ce, Kirista, iyayenta daga Nijeriya suka zo, Hausarta ta fi tawa tsabta. Ita ke ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu, kuma in ta ɗaga murya ranar Lahadi har tsakar gidanmu muna ji. Da ta ɓoye notin sai ta ɗauki waya ta ce keke ya tsaya.

Ba a jima ba mai gyara ya iso a kan tsohon babur. Dogo ne, furfura ta fara masa a gefen kunne, ɗan cocinsu ne da matarsa ta rasu. Ya juya keken, ya leƙa ƙarƙashi, ya sha shayi, ya sake leƙawa, sannan ya ciro sabon noti daga gwangwaninsa.

"Madam, wannan keken naki yana cin noti."

"Tsufa ne," in ji ta, idonta a kan ɗinki.

Na karɓi rigata na fito. Duk karatun da na yi ban taɓa ganin soyayya da idona ba, ga ta ashe tana faruwa a jikin katangarmu.

Goggona na kai wa labarin. Ƙanwar babana ce, tana sayar da kayan ciki a gefen teburinsa na nama. Aure uku ta yi, kuma duk ukun suna gaishe ta in sun haɗu a kasuwa. Ta tambaye ni ina mijin Madam. Na gaya mata abin da kowa ya sani: ya tafi Kamaru neman aiki tun ina ƙarama, ya sami wata a can, har sun hayayyafa, kotu ma ta raba su.

Goggo ta ajiye wuƙarta. "Kotu ta raba su? To ai bazawara ce! Idda ta ƙare tun ba ki yi haƙori ba. Shekara da shekaru ana zaune da bazawara a unguwa, ba wanda ya ƙunsa mata lalle? Kai, mun ji kunya."

A wurinmu haka abin yake. In aure ya mutu, mace ta yi idda, ta yi kitso, ta sa turare, manema su fara sallama. Ba mu san akwai wata hanya ba, kuma bai zo mana a rai mu tambaya ba.

Ranar Asabar muka shiga gidan Madam da kwaɓin lalle da dilka. Ta yi ta dariya tana cewa, "Hajiya, bikin wa ake yi?" Goggo ta ce, "Miƙo ƙafa, ke dai." Ni na zana mata furanni har idon sawu. Da keken ya sake lalacewa, mai gyara ya ga ƙafar, ya saki gwangwanin noti ya watse a ƙasa. Na taya shi tsincewa ina cizon leɓe.

Sai dai makonni suka wuce, mutumin bai ce komai ba. A littattafaina, in namiji ya yi shiru haka, to kunya ce ko talauci, kuma dole a sami wata mai kirki ta shiga tsakani. Goggo ta yarda da fassarata. Ta ce tunda Madam ba ta da uba ko kawu a garin nan, waliyyinta shi ne limaminsu. Ta sayi goro mai kyau, fari da ja, da dabino da alawa, ta naɗa lafayarta ta zuwa biki, ta ce in ɗauko ƙwaryar. Ba mu gaya wa Madam ba, ba mu gaya wa mai gyara ba. Ni na ce a bari ya zo musu ba zato, don haka ake yi a babi na kusa da ƙarshe.

Muka sami faston a gidansa da ke harabar coci. Ya san mu, wurin babana yake sayen naman Kirsimeti. Ya shimfiɗa mana tabarma a gindin dalbejiya, matarsa ta kawo shayi. Goggo ta tura ƙwaryar gabansa.

"Ranka ya daɗe, iri muka zo nema. 'Yarku mai ɗinki muke nema wa ɗanku mai gyaran keke."

Fasto ya dubi goron, ya dubi matarsa, ya cire tabarau ya goge.

"Hajiya, su suka aiko ku?"

"Su da ba su da baki? Noti kawai suke ɓatarwa."

Ya yi dariya har da tari, sannan fuskarsa ta canza. Ya ce a wurinsu takardar kotu ba ta gama magana. Ya ce a Tsohon Alkawari, sashen farko na Littafinsu Mai Tsarki, an bar namiji ya rubuta wa matarsa takardar saki, saboda taurin kan mutanen lokacin. A Sabon Alkawari kuwa an mayar da aure yadda aka fara shi: biyu sun zama ɗaya, mutuwa ce ke raba su.

Goggo ta ce, "Tsohon nan, kun yar da shi ne?"

"A'a, yana nan. Muna karanta shi kullum."

"To ku ara mata shi na wata ɗaya mana. In an ɗaura sai ku koma sabon."

Matar fasto ta ruga ɗaki da hannu a baki. Shi kuwa ya ce ba riga ba ce da za a sauya. Amma ya ƙara da cewa su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Wasu dattawan cocin suna ganin wanda ya ci amanar aure ya tafi, shi ya karya alkawarin, wadda aka bari ba ta ɗaure. Wasu kuma sun ce muddin yana numfashi, mijinta ne. Ya ce ya daɗe da lura da keken nan, yana addu'a kada maganar ta zo gabansa. Yanzu ga ta a cikin ƙwarya, kuma matan da ke sharar coci sun ga shigowarmu.

Da yamma Madam ta aiko a kira ni. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta ce, "Ke, 'yar littafi, kin san abin da kuka taɓo?" Ta bayyana mini dalla-dalla. In ta auri mutumin nan ba da yardar dattawa ba, za a sauke ta daga ba da waƙa, kuma za a hana ta Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da suke karɓa tare a coci. Ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa rasa shi ba. Shi ya sa ita da mai gyara suka tsaya a kan noti: ba wanda zai kai noti gaban dattawa.

Na ce, "Amma kina son sa."

"Wa ya tambaye ki?"

Ta share ido da bakin zani, sannan ta ce in gaya wa Goggo dilkarta ta sa mata ƙaiƙayi.

Dattawa suka zauna, suka tashi, suka sake zama. Labari yana iso mana a teburin nama, don kowane ɓangare a wurinmu yake sayen tsoka. Wani dattijo mai sayar da katako ya tsaya kai da fata a kan ba za a yi ba. Wani tsohon malamin makaranta ya ce a ji tausayin wadda ba ita ta tafi ba. In babana ya bar mata teburin, Goggo tana auna wa malamin da gyara, mai katako kuwa ƙashi take cika masa. A ƙarshe suka tsaya a tsakiya, inda bai gamshi kowa ba: ba za a kore ta ba, ba za a ɗaura a coci ba, in kuma ta yi, waƙa da Jibi sai ta haƙura da su.

A littattafaina a nan ne mijin farko yake faɗawa kogi, ko a gano tun asali auren bai ɗauru ba. Na jira. Mutumin yana Kamaru lafiyarsa ƙalau.

Mai gyara ne ya zo shagon, ba a kira shi ba, ba gwangwani a hannunsa. Ina bayan labule ina gwada riga, kuma na daɗe ina gwada ta. Ya ce ba zai roƙe ta ta bar abin da ya fi shi ba, in ta ce a'a zai ci gaba da gyara mata keke har ya mutu. Ta ajiye ɗinkin da ke hannunta. Sannan ta ce ta yi addu'a har ta gaji, kuma ba ta ji Allah ya ce mata ita ta karya komai ba. Ta ce, "Je ka tambayo ranar da ake ɗaura aure a meri." Haka muke kiran ofishin magajin gari.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan auren, ta shiga coci ta zauna a bencin ƙarshe. Aka miƙa gurasa aka tsallake ta. Matar fasto ta ce mana Madam ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Amma da aka tada waƙa, yarinyar da aka ba matsayinta ta fara a hankali, sai murya ta taso daga baya ta ɗauke cocin gaba ɗaya. Mai katako ya kai ƙara. Fasto ya ce an hana ta tsayawa a gaba, ba a hana ta buɗe baki ba.

Ni na yi aure na koma unguwar Toukra, ita da mijinta suka gina ɗaki biyu a unguwar Atrone, amma ba ta sauya coci ba. Bayan shekaru masu yawa labari ya zo daga Kamaru cewa mijin farko ya rasu. Dattawa suka aiko mata cewa hanya ta buɗe. Ta je ta karɓi Jibi, ta yi kuka, fasto ma ya yi. Da suka ce ta dawo gaba ta ba da waƙa, sai ta ce ta gode, bencin baya yana kusa da taga, iska ta fi shigowa. Can take zama har yanzu, gashinta fari fat, jikar mai katako ce ke ba da waƙa, tana yi tana waiwayen baya don ta ji inda za a sauka.