Kalmar da Ta Lanƙwasa Min Wuya

Watana huɗu da fara aiki a wani asibiti a Manchester aka kai ƙarata. Ban ba da maganin da bai dace ba, ban soka allura a inda bai kamata ba. A kan ido aka kai ni ƙara.

Wani dattijon Bature ne, ya haura tamanin, aka ce ni zan gaya masa sakamakon hoton huhunsa, sakamakon kuwa babu daɗin ji. Na ja kujera kusa da gadonsa, na sassauta murya, na sunkuyar da kai, na yi masa bayani dalla-dalla. Sa'an kakana ne fa. A gidanmu a Kano ko albishir za ka yi wa babba ba ka zuba masa ido, balle mugun labari. Bayan kwana biyu 'yarsa ta rubuto wai likitar ko kallon mahaifinta ba ta yi ba, kamar wadda ba ta damu ba.

Shugabar sashenmu ta kira ni ofis da murmushin nan nasu da ba ya wuce leɓe. Ta ce ba hukunci ba ne, reflection kawai zan rubuta, wato takardar waiwaye a kan abin da na yi, a saka a fayil ɗina kafin a duba batun sabunta min kwantiragi. Bizata da ta 'ya'yana biyu kuwa a jikin kwantiragin nan suke rataye. Na cika shafi biyu ina bayyana abin da sunkuyar da kai yake nufi a wurinmu. Washegari ta dawo min da takardar, wai kare kaina na yi, ban nuna na gane kuskurena ba. Wane kuskuren? Ladabin? 

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham wurin kawuna, tsohon likita da ya yi ritaya a unguwar Sparkhill. Yana cikin waɗanda aka ɗura wa Latin da bulala a kwaleji, kuma har yau a kanmu yake fanshewa.

"Kawu, reflection suka ce in yi. Na yi, sun ce ban yi ba."

Ya cire tabarau. "Kin san asalin kalmar? Reflectere. Flectere lanƙwasawa, re baya. Rumawa da ita suke cewa mutum ya karkato wuyansa baya, ko ya juyo da idonsa. Har zuciya suna cewa an juyo da ita. Reflex ɗin nan, zaburar ƙafa da kike gwadawa da 'yar guduma a gwiwar mara lafiya, shi ma daga nan ya fito."

"To ai na waiwaya na duba, Kawu, ban ga laifina ba."

"Wa ya ce ki duba? Lanƙwasawa ake so, 'yata. Ki rubuta musu three lines, ki ce kin gane, ki riƙe aikinki. Ni ma na rubuta irinta."

Na zo ne ya ce in tsaya a kan gaskiyata, sai ga shi yana miƙo min biro. Haushinsa ya fi na shugabar cin raina. Mu da muka tashi muna rusunawa gaba don girmama mutane, yau an ce bai yi ba, sai mun lanƙwashe ta baya.

Na rubuta. Layi uku, ƙarya tsagwaronta. Aka yaba min, aka sabunta kwantiragi. Na koyi kafe mutane da ido, tsoho da yaro, har ya zama ba na sanin ina yi.

Bara na je gida hutu. Na shiga gaishe da mahaifina, na durƙusa kamar kullum, yana ba ni labarin ciwon ƙafarsa ina saurare da dukkan hankalina. Ashe idona na cikin nasa ban sani ba. Ya gyara zama, ya kawar da kansa gefe, shi da ban taɓa ganin ya kawar da kai don wani ba.

"Uwata," ya ce a hankali, "na yi miki wani laifi ne?"