Keke Ba Ya Ba Da Tikiti

Shekarar da aka yi mini aiki a gwiwa na yi bakance cewa in Allah ya tashi kafaɗuna, zan je Maulidin zawiyarmu ta yankin Bronx da ƙarfin ƙafata. Daga garin Harrisburg na jihar Pennsylvania, inda nake aikin sito, tafiyar ƙasa ta fi ƙarfina, sai malaminmu ya ce ai keke ma ƙafa ce ke tura shi. Matata ta ce tsufa ne ya zo mini da gardama. Na yi mata kunnen uwar shegu, na ɗaure jaka a bayan keke na kama hanya.

Kwana huɗu na yi, kuma ban taɓa kwana a waje ba. Wani limami ɗan Pakistan ya shimfiɗa mini bargo a masallacinsu, ya jingine kekena wajen takalma. Wani Baturke ya buɗe mini garejinsa. Ranar da ruwa ya yi mini dukan tsiya, wata tsohuwar Baturiya mai sharar coci ce ta ba ni benci da shayi. Babu wanda ya ce in kawo shaida. Shi ya sa na shigo Morrisania, unguwar da zawiyar take, bayan la'asar da ƙwarin gwiwa, ina cewa tunda bare sun yi mini haka, ina ga 'yan'uwa.

Zawiyar tsohon shago ce. A ƙarƙashinta ake jera katifu don baƙi, in sun cika a tura sauran gidajen 'yan'uwa a unguwar Parkchester. A bakin ƙofa wani dattijo ɗan Kumasi ne zaune, shi ke raba masauki. Na yi sallama, bai ko ɗaga kai ba.

"Delivery ta ƙofar baya," in ji shi, ya ɗauka abinci aka aiko ni in kawo.

"Baba, ni baƙo ne. Ziyara na zo daga Harrisburg, masauki nake nema."

"To, nuna ticket."

Ashe bara masu kai abinci a kan keke, waɗanda ke kwanan karɓa-karɓa a cunkoson ɗaki, su suka cike katifun, baƙin nesa suka rasa wuri. Sai aka kafa doka: ba a ba kowa katifa sai ya nuna tikitin jirgi ko na bas. Dokar ba ta hauka ba ce, na sani. Amma ni wa zai yanka mini tikiti?

"Baba, da keken nan na zo."

Sai a lokacin ya dube ni, ya dubi keken, ya kece da dariya. Ya ƙwala wa wani mai sayar da turare kira: "Alhaji, zo ka ji! Wai daga Pennsylvania da bicycle!"

Mai turaren ɗan ƙasarmu ne, daga bakinsa na ji Maraɗi. Na ce to, ga mai cetona. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, ka ji tsoron Allah. Ƙarya a watan Maulidi?"

Na fito da katin shaidata mai adireshin Harrisburg. Dattijon ya ce rabin masu keken unguwar katin wata jiha ke aljihunsu. Na naɗe ƙafar wando na nuna musu ɗinkin gwiwata, a bakin titi, da furfurata. Har yau in na tuna wannan sai raina ya ɓaci, kuma haushin kaina na fi ji. Ina tsaye wata mota ta sauke alhazai uku daga filin jirgi, suna ƙamshi, ko tikitin ba a tambaye su ba, aka yi ƙasa da su.

Can wata mata ta fito da kular shinkafa da wake, tana faɗan direban da zai kai wa baƙin Parkchester bai zo ba. Dattijon ya juyo ya sassauta murya.

"Malam, tunda kana da bicycle, taimaka ka kai. Ka samu lada."

Da ina da zuciya da na tafi abina. Amma na yi wa kaina dabara: in na je, baƙin za su ga yadda na jigata, wani zai ce shigo. Na ɗaure kular a kan jakata, na tuƙa, gwiwar na zugi.

Da na isa gidan, wani mai farar jallabiya ya buɗe ƙofar, waya a kunne. Ta bayansa na hango falo, katifu shida a shimfiɗe, mutum huɗu. Biyun da suka rage akwatuna aka jibge a kansu.

Na ce, "Alhaji, ni ma baƙo ne, daga..."

Ya karɓe kular, ya ɗaga mini hannu alamar yana magana. "Mun gode, Allah ya yi albarka. Ka ce musu ba su sa cokali ba."

Ya mayar da ƙofar, na ji ya murza makulli. Na zauna a kan matattakala ina jiyo su suna zuba abinci, har aka kira magariba a wayar wani daga ciki.