Man Kan Amarya

Shekarun baya, lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, kalmar Turancin da ta fara zama min a ka ita ce ta gashi. Harufa huɗu ne kacal. Ni kuwa kitso ne sana'ata a Kwaciri, sai na ji kamar digiri aka ba ni. Duk allon shagon da na gan ta sai na tsaya na karanta da ƙarfi, ko da mai adaidaita sahu na jira na.

Ana saura kwana biyar bikin jikata, na ce ni zan gyara mata kai, don gashin gabanta ya ɗan zube. Na shiga wani shagon kayan shafa a Sabon Gari, na hango mai a kwali, ga kalmata ɓaro-ɓaro, da wata doguwa a gefenta da ban ko kalla ba. Mai shagon, wani Ibo, ya tambaya ko na san aikinsa. Na ce ya iya bakinsa, ni ce mai kitson Kwaciri, na iya karatu, kan amarya zan shafa wa. Hausarsa ba ta kai nan ba, ya ƙulle min.

Bayan la'asar na zaunar da yarinya a tsakar gida, na tsefe kai, na matso man a tafin hannu. Warinsa bai min ba, amma na ce na Turawa ne, haka yake. Sai ga wata mata ta faɗo ko sallama babu, tana haki, ta cafke min hannu.

"Mama, kin shafa?"

"Ke kuma daga ina? Sakar min hannu."

"Man cire gashi ne. Minti goma kan nan ya koma bayan ƙwarya."

Ashe matar mai shagon ce, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Da ta dawo mijin ya maimaita mata abin da na faɗa, ta bar shago ta hau adaidaita. Gida huɗu ta shiga kafin nawa.

Jikata ta dafe kai, wai tsohuwar nan da ƙwal-kwabo za ta kai ta ɗakin miji. Matar mai shagon ba ta yi min dariya ba. Ta sa yatsa a kan doguwar kalmar nan, ta karanta min har sau uku.

Daga nan duk Asabar sai ta zo da kwalaye, ina mata shuku tana biya min karatun jikinsu. Anko ma ta yi a bikin.

Allah ya saka wa matar nan. Jiya na yi wa 'yar jikar tawa kitso, gashi har gadon baya, irin na uwarta. Har yau in na gane kalma ɗaya, ba na buɗe baki sai na gaisa da maƙwabciyarta.